Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Darasi Daga Tarihin Wani Fure Mai Gemu

Gabatarwa

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin manoma da masu lambu a ko'ina cikin duniya, wato da zarar sabon iri ya fito sai a tuge tsohon a watsar a juji. Ba wanda zai yi saurin ganin laifinsu, domin kuwa sabon iri yakan zo da girma, ko yawan amfani, ko kyan gani, ga shi kuma fili ba ya isa a ajiye komai da komai. To amma ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ɗabi'ar nan tana tattare da hasarar da ba a ganinta sai bayan shekaru masu yawa, kuma adana tsohon iri da ransa, tare da sunansa da tarihin asalinsa, aiki ne na kimiyya wanda darajarsa ba ta gaza ta fito da sabon iri ba.

Domin kafa hujja a kan haka, zan kai mai karatu jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, inda a shekarar 1939 aka fito da wani fure mai suna 'Snow Flurry', sunan da ke nufin yayyafin ƙanƙara mai laushi. Fure ne na ado kawai, ba a ci, ba a sha. Amma tarihinsa ya ƙunshi darasin ilmin gado wanda ya shafi alkama da gyaɗa da ayaba, kuma duk ɗalibin da ya fahimci labarinsa ya fahimci wani babban babi na ilmin halittu.

Mene ne ayiris mai gemu?

'Snow Flurry' ɗaya ne daga cikin dangin furannin da ake kira ayiris, waɗanda Larabawa ke kira sausan. Sunan ayiris ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai ma'anar bakan gizo, saboda yawan launukan da ake samu a cikinsu. Dangin na da jinsuna kimanin 300, galibinsu a ƙasashen arewacin duniya masu sanyi.

Furen na da ganye 6. Uku suna miƙewa sama su haɗa kai kamar tuluwa, uku kuma suna lanƙwasowa ƙasa. A tsakiyar kowane ɗaya daga cikin masu lanƙwasowar akwai wani layi na gashi mai laushi, shi ne masu lambu ke kira gemu, kuma ta wurinsa ne ƙudan zuma ke bi su kutsa cikin furen. Idan karan furen ya haura santimita 70, sai a sa shi cikin rukunin dogaye masu gemu. Ganyen tsiron kuwa faffaɗa ne mai tsini kamar takobi, yana fitowa a jere tamkar mafici.

Abin da ya fi muhimmanci ga bayaninmu yana can ƙasa. Tsiron yana da wani tushe mai kauri wanda ke kwanciya a saman ƙasa, kamar dai na citta. Mutane da yawa suna ɗaukarsa saiwa ce, alhali kuwa kara ne mai tafiya a kwance, yana tara abinci, yana fitar da saiwoyi ta ƙasa, ganye ta sama. Ta wannan tushe ne ake yaɗa furen. Har ila yau, a yankin Tuskani na ƙasar Italiya ana noma wani jinsinsa domin tushen kaɗai, a fere shi, a shanya, a ajiye shi shekara uku ko fiye, sannan ƙamshinsa ya fito a yi turare mai tsada da shi.

Daga ninki biyu zuwa ninki huɗu

Dogayen ayiris na farko da aka rena a lambunan Turai sun fito ne daga auren jinsuna biyu na daji. Na farko shi ne *Iris pallida*, dogo mai ƙamshi, mai launin shuɗi-shuɗi, wanda ke tsirowa a duwatsun gaɓar tekun ƙasar Kuroshiya da arewacin Italiya. Na biyu shi ne *Iris variegata*, gajere mai launin rawaya da zane-zanen ja, daga ƙasar Hangari da maƙwabtanta. A ƙarni na 19 masu lambu a Faransa suka dukufa wajen shuka 'ya'yan waɗannan, suna zaɓen kyawawa suna raɗa musu suna. Daga cikinsu akwai 'Madame Chereau' na shekarar 1844, fari mai shuɗin baki, wanda har yau ana samunsa a lambuna.

Sai dai kafin ƙarshen ƙarnin, al'amarin ya fara tsayawa cik. Ana ta barbara, amma furannin ba sa ƙara girma. A nan ne wani malamin jami'ar Kambirij ta Ingila, Sir Michael Foster, ya shigo cikin labarin. Shi masanin yadda jikin ɗan Adam ke aiki ne, renon fure kuwa abin sha'awa ne da yake yi a gida. Ya riƙa roƙon matafiya da ke zuwa Gabas ta Tsakiya su aiko masa da duk wani ayiris da suka gani. A shekarar 1885 aka aiko masa da wani mai manyan furanni daga garin Amasya na ƙasar Turkiyya, wanda aka sa wa suna 'Amas'. Wasu makamantansa kuma suka zo daga tsibirin Kubrus da ƙasar Sham. Da aka haɗa waɗannan baƙi da na gida, mafi yawan barbarar ba ta ba da komai ba, amma jefi-jefi sai a sami ɗa guda wanda ya ninka iyayensa na Turai girma da kauri. Mafi shahara a cikinsu shi ne 'Dominion', wanda Arthur Bliss ya fito da shi a Ingila a shekarar 1917.

Masu wannan aiki ba su san dalilin abin da suke gani ba. Sai daga baya, lokacin da masana irin su Marc Simonet a Faransa da L. F. Randolph na jami'ar Cornell a Amurka suka sa madubin kimiyya mai ƙara girman abu suka ƙirga kuromosom na waɗannan tsirrai, sannan asiri ya tonu.

Bari mu ɗan tsaya a nan domin ɗalibai. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin tsiro ko dabba akwai wasu 'yan zarurruka da ake kira kuromosom, su ne ke ɗauke da saƙon gado. Suna zuwa ne jeri-jeri, jeri ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ɗan Adam, alal misali, yana da 46, wato 23 daga kowane ɓangare. Tsofaffin ayiris na Turai suna da 24, wato jeri 2 na guda 12, don haka sai mu kira su masu ninki biyu. Baƙin da suka zo daga gabas kuwa suna da 48, wato jeri 4 na guda 12, su ne masu ninki huɗu. Yawan kuromosom yakan sa ƙwayoyin halitta su yi girma, girmansu kuma ya bayyana a faɗin fure da kaurin ganyensa. Bugu da ƙari, mai jeri huɗu yana da hanyoyin cuɗa gado da suka fi na mai jeri biyu yawa nesa ba kusa ba, abin da ke nufin ƙarin launuka da siffofi.

Saboda haka, daga shekarun 1920 zuwa na 1940 kasuwa ta juya baki ɗaya. Kowa ya koma ga masu ninki huɗu, masu ninki biyu kuwa suka zama tsohon yayi.

Ƙwaya biyu cikin kwanso ɗaya

A wannan zamani ne wata mata mai suna Clara Rees take renon furanni a bayan gidansu da ke garin San Jose na Kalifoniya, tare da 'yar'uwarta Ruth. Ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ba ta kuma da babbar gona. A tsakiyar shekarun 1930 ta haɗa furanni biyu waɗanda, bisa lissafin kuromosom, ba su dace da juna ba.

Na farko shi ne 'Purissima', dogon fari tas mai ninki huɗu. Wani manomi mai suna William Mohr ne ya samar da shi, amma ya rasu a haɗarin mota a shekarar 1923 kafin ya fito da shi. Abokinsa Sydney Mitchell, malami a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, shi ya kwashe tsirran da marigayin ya bari ya ci gaba da renonsu, har furen ya shiga kasuwa a 1927. Mai karatu ya lura da wannan tun yanzu: ba don wani ya ɗauki nauyin adana abin da mamaci ya bari ba, da labarinmu ya ƙare tun bai fara ba.

Na biyu shi ne 'Thais', wanda Ferdinand Cayeux ya fito da shi a Faransa a 1926, mai launin hoda da ya ɗan karkata zuwa shunayya. A shekaru ba tsoho ba ne, amma ɗan tsohon gida ne, wato mai ninki biyu, irin waɗanda manyan masu barbara suka fara juya wa baya.

Clara Rees ta ɗebi garin furen 'Thais', wato irin garin nan da manomanmu ke kira bununi a jikin gero, ta shafa a kan 'Purissima'. Kwanson ayiris mai lafiya yakan ƙunshi ƙwayoyi da dama, amma nata da ya nuna sai aka tarar da ƙwaya biyu tak a ciki, ɗaya ma ta motse ba ta da amfani. Ta shuka ɗayar. Da tsiron ya girma ya yi fure, sai ga wani abu da ba a saba gani ba: dogon kara, tohon fure mai shuɗi-shuɗi, wanda in ya buɗe sai ya zama fari mai ɗan sirkin shuɗi, ga ƙamshi, sannan gefen ganyen furen duk a tattare yake, yana hawa da sauka kamar bakin leshi. Kafin wannan lokaci galibin furannin ayiris sumul suke, ba tattara. Ruth ce ta yanki furannin ta kai wa wani mai sayar da tsirrai a Berkeley mai suna Carl Salbach, wanda da ganinsu ya san abin da ya samu. Shi ya fito da 'Snow Flurry' kasuwa a 1939.

Abin da ya faru a cikin ƙwayar

Yanzu sai mu koma ga lissafi. Idan tsiro zai yi garin fure ko ƙwan haihuwa, yakan raba kuromosom ɗinsa gida biyu. Ke nan ƙwan 'Purissima' zai ɗauki 24, garin 'Thais' kuma ya ɗauki 12. In an haɗa, ɗan zai tashi da 36, wato jeri 3. Irin wannan ƙwaya galibi takan motse tun tana cikin kwanso, domin abincin da ke kewaye da ɗan tayin ba ya ginuwa yadda ya kamata. Wadda ta tsira kuwa takan zama kusan juya, saboda jeri uku ba ya rabuwa gida biyu daidai. Misalin da kowa ya sani shi ne alfadari: doki na da kuromosom 64, jaki na da 62, alfadari ya tashi da 63, shi ya sa ba ya haihuwa. Haka ma ayabar da muke ci, mai jeri uku ce, shi ya sa ba ta da ƙwallo.

To, me ya sa 'Snow Flurry' ya zama mai ninki huɗu, mai haihuwa? Amsar ita ce, wani lokaci, jefi-jefi ƙwarai, rabuwar nan takan sami tangarɗa, sai ƙwayar garin fure ta fito da kuromosom ɗinta cikakku ba a rage ba. Ƙwaya ɗaya daga garin 'Thais' ta zo da 24 maimakon 12, ta haɗu da 24 na 'Purissima', aka sami jeri huɗu. Ta wannan ƙaramar ƙofa ce dukkan gadon tsohon gida ya tsallaka zuwa sabon gida. Haka kuma aka sami 'Dominion' da sauran manyan furannin farko.

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan abin mamaki ne da ya tsaya a kan furen ado. Ta hanyar ninkuwar kuromosom ne aka sami da yawa daga cikin abincin da duniya ke ci. Alkamar burodi tana da 42, wato jeri 6 na guda 7, daga jinsunan ciyawa uku. Gyaɗa tana da 40, jeri huɗu daga jinsuna biyu na dajin Amurka ta Kudu. Audugar da aka fi nomawa tana da 52, dankalin Turawa kuma 48. Bambancin kawai shi ne, na alkama da gyaɗa sun faru shekaru dubbai da suka wuce ba wanda ya rubuta, na 'Snow Flurry' kuwa mun san sunan uwa, mun san na uba, mun san wadda ta haɗa su.

Wani abin lura shi ne, furen yana da naƙasa babba: ba ya yin garin fure, don haka ba ya iya zama uba. Bai kuma taɓa cin lambar yabo ta Dykes ba, wadda ita ce mafi girma a wannan fage tun 1927. Amma a matsayin uwa, da wuya a sami kamarsa. 'Ya'yansa biyu sun ci lambar a jere, 'Violet Harmony' a 1957, da 'Blue Sapphire' na gidan Schreiner da ke jihar Oregon a 1958. Jikoki da tattaɓa-kunne kuwa ba su ƙirguwa, har ya zamana in aka bi salsalar dogayen ayiris na zamani, da yawa ƙwarai sai an ci karo da sunansa. Tattararren bakin da yanzu ake ɗauka siffar ayiris ce ta asali, babban rabonsa daga wannan ƙwaya guda ya fito.

Yadda ake renonsa

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wannan karin magana ba ta aiki a kan ƙwayar ayiris. Idan ka shuka ƙwayar da 'Snow Flurry' ya haifa, abin da zai fito wani sabon fure ne daban, mai yiwuwa kyakkyawa, mai yiwuwa mummuna, domin gadon ya sake cuɗewa. Hanya ɗaya tak ta samun ainihin furen ita ce a yanki tushensa a dasa, kamar yadda ake dasa karan rogo ko na rake. Ma'anar wannan ita ce, duk wani 'Snow Flurry' da ke raye a yau, a Amurka ne ko a Turai ko a Ostareliya, yanki ne na tsiron nan guda da ya tsiro a San Jose, yana ta wucewa daga hannu zuwa hannu fiye da shekara 80.

Renon nasa ba shi da wuya, amma yana da ƙa'idoji. Yana son rana sosai, aƙalla awa 6 a yini, da ƙasa mai tsane ruwa da wuri. A ƙasashen arewa yakan yi fure tsakanin watan Afrilu da Yuni, gwargwadon sanyin wuri, ana kuma dasa shi daga Yuli zuwa Satumba domin ya kama ƙasa kafin hunturu. Wajen dashe, ba a binne tushen. Ana baza saiwoyin a rufe su, a bar bayan tushen a waje yana shan rana. Wanda ya binne shi da zurfi zai sami ganye ba fure. Ana barin tazarar santimita 30 zuwa 60 tsakanin tsiro da tsiro, ana kuma rage ganyen sabon dashe zuwa kimanin santimita 15 don kada iska ta tumɓuke shi. Taki mai yawan naitirojin yana cutar da shi, domin yana sa tushen ya yi laushi, sai wata bakteriya ta shiga ta ruɓar da shi ya koma kamar kunu mai wari. Maganin wannan shi ne a yanke wurin da ya ruɓe da wuƙa mai tsabta, a bar sauran ya bushe a rana. A gabashin Amurka kuma akwai wata tsutsa da ke bi ta cikin ganye ta gangara ta cinye tushen.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce rabawa. Kowane tushe sau ɗaya yake yin fure a rayuwarsa, daga nan sai ya fitar da 'ya'ya ta gefe. Bayan shekara 3 ko 4 wurin yakan cushe, tsakiya ta zama tarin tsofaffin tushe, fure ya ragu. Dole a tone, a ware matasa masu lafiya, a sake dasawa. A lokacin nan ne mai lambu kan sami rarar da zai ba maƙwabta, kuma a lokacin nan ne, in ba a yi hattara ba, suna ke ɓacewa.

Ya kamata in faɗa wa mai karatu cewa wannan fure yana bukatar sanyin hunturu na sosai kafin ya yi fure, don haka ba tsiron ƙasashe masu zafi irin namu ba ne. Darasinsa muke nema, shi kuwa darasi ba ruwansa da yanayi.

Hujjar masu cewa a watsar

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Mai ja da ni zai ce, tun da gadon 'Snow Flurry' ya riga ya shiga cikin dubban jikokinsa, waɗanda suka fi shi girma da launi, mene ne amfanin ɓata fili da lokaci a kansa? Zai ƙara da cewa an yi wa dubun-dubatar ire-iren ayiris rajista, ba mai iya riƙe su duka, kuma kuɗin da za a kashe gara a kashe shi a kan abinci.

Maganar cewa ba za a iya adana komai ba gaskiya ce, dole a yi zaɓe. Amma sauran hujjar tana da rauni ta fuska uku.

Da farko, ɗa rabin gadon uwa kawai yake ɗauka, jika ya ɗauki rubu'i, a haka ake ta raguwa. Mai barbara kuma abin da idonsa ke so yake zaɓa, wato girma da launi. Abin da ba ya gani, kamar jure fari ko jure cuta, yana iya zubewa a hanya ba tare da kowa ya sani ba. Masu lambu a Amurka sun daɗe da lura cewa tsofaffin masu ninki biyu su ne ake tararwa suna fure a kufai da tsofaffin maƙabartu, shekaru bayan masu su sun shuɗe. Wato zamani da kansa ya yi musu jarrabawar da babu tashar bincike da za ta iya yi. Watsar da irin waɗannan tamkar ƙone sakamakon gwaji ne na shekara ɗari.

Na biyu, ba wanda ya san abin da gobe za ta bukata. A lokacin da Clara Rees ta ɗauki garin 'Thais', hankalin masana yana kan masu ninki huɗu ne, amma daga wanda aka raina ɗin aka sami rabin gadon furen da ya sauya fagen. Wannan ba a kan fure kaɗai ya faru ba. A shekarun 1950 wata cuta ta ƙasa ta durƙusar da gonakin ayabar 'Gros Michel', wadda kasuwar duniya ta dogara a kanta. Abin da ya ceci kasuwar shi ne 'Cavendish', irin da aka sani tun ƙarni na 19 amma manyan 'yan kasuwa ba su ɗauke shi da daraja ba. Da ba wanda ya ajiye shi, da wa za a koma?

Na uku, tsiron da ake yaɗawa ta tushe ko ta kara ba ya ajiyuwa a kwalba. Babban rumbun iri na duniya da aka buɗe a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe a 2008 yana adana ƙwayoyi ne cikin tsananin sanyi, kuma mun riga mun ga cewa ƙwayar ayiris ba ta maido da uwarta. Wannan ce matsalar da ta sa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan take riƙe ire-iren rogo da doya da ransu, a gona da kuma cikin kwalaben gwaji, tana sabunta su a kai a kai. Irin wannan tsiro, in mai renonsa na ƙarshe ya mutu ko ya gaji, shi ke nan, ya tafi har abada.

Hakan kuwa ya sha faruwa. Wani mai zane ɗan Birtaniya, Sir Cedric Morris, ya fito da ire-iren ayiris kimanin 90 a lambunsa da ke Suffolk. Bayan rasuwarsa a 1982 sai suka watse, aka manta da su. Wata ƙwararriyar mai lambu, Sarah Cook, ita ta shafe shekaru tana bin sawunsu gida-gida da ƙasa-ƙasa, har ta tattaro fiye da 20 ta nuna su a bikin furanni na Chelsea a 2015. Saura da yawa ba a gan su ba. A Amurka ma sai da aka kafa ƙungiya ta musamman a 1988, wadda ake taƙaita sunanta da HIPS, domin ceton duk irin da ya kai shekara 30 da fitowa. Babban abin da ke wahalar da masu wannan aiki shi ne tsiron da aka samu da ransa amma sunansa ya ɓace. Fari mai kama da 'Snow Flurry' yana da yawa, kuma tsiron da ba a san iyayensa ba amfaninsa ga mai bincike kaɗan ne. Ashe ɗan allon da aka rubuta suna aka kafa a gindin tsiro, da littafin da aka rubuta wa ya haifi wa, su ma kayan aikin kimiyya ne kamar madubin da aka ƙirga kuromosom da shi.

Kammalawa

Idan aka duba waɗanda suka gina wannan tarihi, za a ga malamin likitanci mai lambu a bayan gida, da manomi, da abokinsa mai riƙon amana, da wata mata da ba ta raina ƙwaya guda ba. Abin da ya haɗa su shi ne lura, da haƙuri, da rubuta abin da suka yi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin makarantar sakandare.

Don haka kirana ga malaman ilmin halittu da na aikin gona shi ne, idan an zo babin gado da na yaɗuwar tsirrai, a fita da ɗalibai daga aji. A tono citta su ga yadda tushe ke tafiya yana fitar da 'ya'ya. A ba su lissafin 24 da 12 su gano da kansu dalilin da ya sa ƙwaya ɗaya ta motse ɗaya ta rayu. Sannan a ware ɗan fili a lambun makaranta, kowane ɗalibi ya tambayi iyaye da kakanni wane irin rogo, ko rake, ko dankali ne ake nomawa da can wanda yanzu ya yi wuyar gani, a nemo shi, a dasa, a kafa masa allo, a buɗe masa shafi a littafi: sunansa, garin da ya fito, wanda ya bayar, da shekarar da aka dasa. Ajin da ya gama ya miƙa littafin da lambun ga na bayansa.

A karɓi sabon iri hannu bibbiyu, domin shi ma albarkar ilmi ne. Amma kafin a tuge tsohon, a bar masa kunya ɗaya a gefen gona, domin masu iya magana sun riga sun ce da tsohuwar zuma ake magani.